Ranar da Lukmanu Ya Karɓi Birona

Tungan Maje, Abuja.
16 ga Oktoba, 2011.

Zuwa ga Yayana Badamasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zulai da yara. Allah Ya sauƙaƙa maka karatun da ya kai ka har Maleshiya, Ya dawo mana da kai lafiya tare da abin da ka je nema. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai ke tashi in an yi ruwa, amma ba ta hana ta faɗa ba, kuma ka san in Inna na faɗa to lafiya ce. Maigidana Nazeer yana gaishe ka, har yanzu da asuba muke fita ni da shi saboda cunkoson hanyar Kubwa da ake ta faɗaɗawa. Ameera ta shiga aji uku, Hanif kuma ya fara makaranta, kullum ya dawo sai ya ce shi ya gama. Garin nan kuwa in ka dawo sai an yi maka jagora. Inda ka bari gonar rogo yanzu benaye ne, kuma kowane bene da janaretonsa a gindi yana ruri.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni alhali duk Juma'a muna waya. Alhaji Mato ne ya ce zai zo wajenku ranar Laraba, na ba shi yaji da kuka da daddawa ya kawo wa Anti, sai na ga gara in haɗa da wannan. Maganar da ke raina ta fi ƙarfin katin waya, kuma na san in na fara ta da baki kuka zai tare ni kafin in kai tsakiya. Maganar ƙanenmu ce, Lukmanu. Kada hankalinka ya tashi, alheri ne. Sai dai akwai laifina a ciki, kuma ina ganin kai ma kana da ɗan kaso, don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna shekararsa shida sanƙarau ya tafi da jinsa. Ka kuma tuna abin da Baba, Allah Ya ji ƙansa, ya ce mana a asibitin Funtuwa kwana biyu kafin ya cika, cewa mu zama kunnen Lukmanu da bakinsa. Yaya, ni dai na riƙe wannan wasiyya da hannu bibbiyu, har na wuce gona da iri. In mai shago ya tambaye shi abin da yake so, ni ke amsawa. In likita ya tambayi inda ke masa ciwo, ni ke nunawa. Ya gama makarantar kurame, yana karatu yana rubutu, rubutunsa ma ya fi nawa kyau, amma duk takardar da ta shafe shi ni ke sa hannu. Ka san halina da takarda, shekara goma sha ɗaya ina ɗakin ajiyar fayil a ma'aikatarmu, in na ga layin sa hannu babu kowa a kai sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. Ban taɓa tambayarsa ko yana so ba. Shi kuma sai ya yi murmushi ya kau da kai, ni kuwa na ɗauka yarda ce.

Lokacin da za ka tafi yana zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi. Bayan tafiyarka da shekara ɗaya muka kai shi wata cibiyar koyar da nakasassu sana'a, na gaya maka a waya amma ban ba ka labarin malaminsa ba. Sunansa Malam Thaddeus, mutumin Kagoro ne, cutar shan inna ta taɓa masa ƙafa tun yana yaro, da sanduna biyu yake tafiya. Ni ɗinki na so a koya wa Lukmanu, don a ganina shi ne sana'ar da ba ta buƙatar kunne. Malam Thaddeus ya dube ni ya ce ai ba ni aka kawo koyon sana'a ba, a bar mai abu ya zaɓa. Lukmanu ya zagaya cibiyar, ya wuce kekunan ɗinki, ya wuce masu takalma, ya je ya tsaya gaban wani tsohon janareto da ke aiki a bayan gini, ya ɗora tafin hannunsa a jikinsa ya ƙi ɗagawa. Shekara biyu ya yi a wurin. Ashe Malam Thaddeus yana da tasa hanyar koyar da kurame. Sai ya sassauta noti ɗaya a inji ba tare da sun gani ba, ya tayar, ya sa su nemo shi da tafin hannu. In sun ƙware da wannan sai ya ba kowa dogon ƙarfe mai ƙotar katako, a dafa bakinsa a jikin inji, a manna ƙotar a muƙamuƙi, motsin cikin injin ya biyo ƙarfen ya shiga ƙashi. Duk wannan daga baya na sani. A lokacin ni dai abin da na sani shi ne yana dawowa da kaya baƙi ƙirin da baƙin mai, ina mita ina wanki.

Da ya gama, Malam Thaddeus ya samo masa gurbi a wani kamfanin sayarwa da gyaran manyan janareto a wajen Gwarinpa. Kamfani ne babba, ma'aikatansa sun haura sittin. Manajan yadin, wato filin da ake gyaran injinan, sunansa Oga Alexander, mutum ne mai fara'a da Hausar Abuja, wadda ba ruwanta da raba mace da namiji, ni kaina kullum da "kai" yake kirana. Wata takwas Lukmanu ya yi yana aiki lafiya. To ka ji labarin dokar mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a bana, naira dubu goma sha takwas, wadda aka yi ta kai ruwa rana a kanta har ana barazanar yajin aiki. Dokar ta hau kan kamfanoni masu yawan ma'aikata irin nasu, dole suka shiga gyara albashin ƙananan ma'aikata. Ana cikin haka Oga Alexander ya kira ni a waya, ni fa, ba Lukmanu ba, ya ce in zo yana son ganina.

Na je na same shi a ofis. Ya yi ta yabon Lukmanu, ba ya makara, ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya tsayawa hira. Sannan ya ce amma gaskiya ɗaya ce, makanike da kunne yake aiki, inji yana faɗin ciwonsa ne da ƙara, wanda ba ya ji kuwa rabin makanike ne komai ƙoƙarinsa. Ya ce masu kamfanin ba za su yarda su biya shi cikakken albashi ba, amma doka ta bar ƙofa ga ma'aikacin da lalura ta hana shi yin cikakken aiki, ana iya neman izini a biya shi ƙasa da abin da aka yanke. Abin da ake buƙata kawai shi ne danginsa su shaida a rubuce cewa ba ya iya aikin mai lafiya. In an sa hannu zai ci gaba da aiki a kan rabi, in ba a sa ba sai dai ya yi haƙuri ya koma gida. Ya miƙo min takardar. Ko haka dokar take ko ba haka take ba, wallahi ban bincika ba, ni da nake kwana nake tashi cikin takardun gwamnati. Abin da ya zo min a rai kawai shi ne shekarun da ya yi zaune a ƙofar gida yana kallon motoci. Na ce a raina da babu gara ba daɗi. Na karɓi takardar har da godiya, na ce zan sa hannu in dawo da ita gobe.

Da yamma bayan la'asar na shimfiɗa ta a kan teburin falo, na ciro birona. Har na rubuta kwanan wata. Sai ga Lukmanu ya shigo daga aiki, ya leƙo ta kafaɗata kamar yadda ya saba, ya ga sunansa. Ya zare takardar daga ƙarƙashin hannuna, abin da bai taɓa yi ba tun da muke. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa. Yaya, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba fushi ba ne, da fushi ne da ya fi min sauƙi. Ya zauna ya yi min magana da hannu a hankali, kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani. Ya ce kunnensa ne ya mutu, hannunsa da kansa suna nan da ransu. Ya ce in na sa hannu a takardar nan, za ta shiga fayil, kuma ni na fi kowa sanin cewa abin da ya shiga fayil ba ya fita, duk inda ya je neman aiki za ta riga shi isa. Ya ce ya gwammace a kore shi yana cikakken mutum da a riƙe shi yana rabi. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa zuwa na ga yadda yake aiki, ko sau ɗaya. Ban taɓa zuwa ba. Kunya ta rufe ni har na kasa kallon Inna, wadda ke zaune tana tsinke zogale.

Washegari ya rubuta wa Oga Alexander takarda da kansa, ya ce a gwada shi tare da masu ji, in ya gaza ya yarda da duk abin da aka yanke. Oga ya amince, ina jin don ya huta da maganar ne. Aka sa ranar Asabar da safe, ƙarshen watan jiya. Ni da Nazeer muka je, Malam Thaddeus ma ya zo, tun daga Mararaba a motar haya da sandunansa. Manyan janareto biyar aka jera a yadin, kowanne ya kai girman ƙaramin shago. Huɗu tsofaffi ne da aka kawo gyara aka gama, na biyar sabo fil ne mai launin ruwan ɗorawa, an shirya kai shi wani asibitin haihuwa ranar Litinin. An tayar da shi ne kawai don a ƙara hayaniya. Oga ya sa an sassauta wani abu a ɗaya daga cikin tsofaffin a ɓoye, aka ce kowa ya nemo. Da aka tayar da su gaba ɗaya, ƙasa rawa take yi, na toshe kunnuwana da mayafi amma a banza. Makanikai biyu masu ji suka fara. Suna ta karkata kai suna yamutsa fuska, ƙarar wannan ta shiga ta wancan. Ɗaya ya daɗe kafin ya nuna na uku, ɗayan ya nuna na biyu, ya dawo ya ce a'a na huɗu ne.

Sai Lukmanu ya fito da ƙarfensa a hannu da guntun alli a aljihu. Yaya, a nan ne nake so ka yi a hankali, don ni har yau in na tuna tsigar jikina tashi take yi. Duk wanda ke wurin fuskarsa a murtuke take saboda ƙara, shi kaɗai ne hankalinsa kwance, kamar wanda ya shiga masallaci. Ya ɗora tafin hannunsa a na farko, ya lumshe ido, ya ɗan jima, ya wuce. Haka na biyu. Da ya isa na uku minti ɗaya kacal ya yi ya dafa ƙarfen, ya manna ƙotar a muƙamuƙinsa, ya matsa da shi kaɗan, ya zana alli daidai kan notin da aka sassauta. Ba injin kawai ya nuna ba, har notin. Na ga Oga ya ɗaga gira. Na yi hamdala na ce shi ke nan an gama. Amma bai tsaya ba. Ya taɓa na huɗu ya wuce, ya je kan sabon, wanda ba ya ma cikin jarrabawar. Ya ɗora hannu. Ya cire, ya sake ɗorawa. Ya zagaya baya ya durƙusa, ya dafa ƙarfen a wuri uku, ya daɗe a na ƙarshen ido a rufe. Sannan ya miƙe ya zana babban alli a jikin sabon fentin nan.

Yadin ya ɗauki dariya. Aka kashe injinan, Oga Alexander ya ce to ga irinta nan, injin da ko sati biyu bai yi da fitowa daga akwati ba, shi da kansa ya saurare shi jiya lafiyarsa ƙalau. Ya ce notin da ya gano ma wataƙila sa'a ce. Ka san abin da ƙanwarka ta yi? Hali zanen dutse. Na ruga na kama hannun rigar Lukmanu ina yi masa alama ya goge allin, na juya ina ba Oga haƙuri a madadinsa, ina cewa kuskure ne, zumuɗi ne ya ɗebe shi. Ya cire hannuna daga rigarsa a hankali, ya zauna a ƙasa ya jingina da injin ya harɗe hannuwa. Sai Malam Thaddeus ya dogara sandunansa ya matso. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a buɗe injin, in ba a sami komai ba shi da ya koyar da shi zai fara sa hannu a takardar nan, ya kuma rubuta da kansa cewa koyarwarsa banza ce. Ya juyo gare ni ya ce Hajiya ki zauna, yau ba ranar bakinki ba ce. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, Nazeer yana ta danne dariya duk da halin da ake ciki.

Kusan awa biyu aka yi ana kwancewa, rana ta take, ni kuwa ba abin da nake sai salati. Lukmanu bai taɓa ko sifana ba, don kada a ce shi ya yi wani abu. Makanikan nan biyu ne suka yi aikin, shi dai yana nuna musu inda za su bi. Can ciki suka zaro boris, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke riƙe sandar da ke juyawa. Aka goge shi da tsumma, aka ɗaga a rana. Da farko ban ga komai ba. Sai da Oga ya bi da farcensa sannan na hango tsaga a jikinsa, siririya kamar silin gashi. Babban makanikensu ya ce wannan da an ɗora masa nauyi na kwana biyu ko uku zai tarwatse ya ci injin, kuma ba wanda ya san a wane lokaci zai yi, ko ana tsakiyar yi wa wata aiki a ɗakin tiyata. Tsagar da kunnuwa lafiyayyu sama da ashirin ba su ji ba, ƙanenmu ya ji ta da ƙashin fuskarsa, ta cikin ƙarfe da murfi da hayaniyar inji biyar. Na ce tsarki ya tabbata ga Allah, wanda in Ya rufe ƙofa ɗaya Shi ya san wadda Ya buɗe. Na fashe da kuka a gaban ƙartin maza, ban ji kunyar kowa ba. Yaron da nake riƙe wa hannu mu tsallaka titi, ashe shekara da shekaru ina zaune da shi ban san ko wane ne ba.

Oga Alexander ya daɗe yana juya boris ɗin a hannunsa. Sannan ya juyo wajena zai fara magana kamar yadda ya saba, sai ya tsaya. Ni ma Allah Ya taimake ni na kama bakina, na nuna masa Lukmanu da hannu. Ya shiga ofis ya ɗauko takardar nan da na mayar masa ba sa hannu, ya juya bayanta, ya rubuta tambaya ya miƙa wa Lukmanu, wai me yake so. Lukmanu ya gaya min daga baya cewa a wata takwas da ya yi a wurin, ranar ce karo na farko da wani babba ya tambaye shi abu kai tsaye. Ya rubuta amsa gajeriya. Ya ce ba ya roƙon alfarma, abin da doka ta yanke wa kowa shi yake so, kuma daga yau duk maganar da ta shafe shi a yi da shi. Bayan kwana goma masu kamfanin suka fitar masa da takardar ɗauka aiki ta dindindin, da cikakken albashi, kuma yanzu ba injin da ke fita daga yadin sai ya ɗora masa hannu. Oga har ya aika wa Malam Thaddeus yana tambaya ko akwai sauran irinsa a cibiyar. Ranar da ya kawo takardar gida ya shimfiɗa ta a kan teburin nan dai, ya miƙo min hannu. Na ɗauka takardar zai ba ni, har na gyara zama. Ashe birona yake nema. Na ba shi, ya sa hannu da kansa, ya rufe biron ya soke a aljihunsa, kuma har yau bai dawo min da shi ba.

To Yaya, ga kasonka. Shekara huɗu ke nan duk Juma'a kana kira, ka gaisa da Inna, ka gaisa da ni, har su Hanif ana kara musu waya a kunne. A ƙarshe sai ka ce min ya Lukmanu, in ce lafiya lau, ka ce in gaishe shi. Shi kuwa yana zaune a gefe yana kallon bakinmu. Yana da waya tun yana cibiyar, da saƙon tes yake hira da abokansa har yatsunsa su gaji, ni ban taɓa tunanin ba ka lambarsa ba, kai ma ba ka taɓa nema ba. Ba don rashin ƙauna ba ne, na sani, kai ka biya kuɗin koyon sana'ar nan daga ɗan abin da ake ba ka na karatu. Amma Baba cewa ya yi mu zama bakinsa, bai ce mu hana shi nasa ba. Ni na nemi gafararsa, ya yafe min, har yana tsokanata wai in ina son aikin sa hannu in nemi kujerar minista.

Ka gaishe min da Anti Zulai da kyau, ka ce mata daddawar ta Inna ce da hannunta, kada ta yi rowa da ita a miya. Ka shafa min kan Kauthar da ƙanenta. Inna ta ce a gaya maka tana sa maka albarka, kuma ka rage zama ba ci saboda karatu. Nazeer da Ameera da Hanif suna gaisuwa. Allah Ya kai mu babbar sallah lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Kafin in liƙe ambulan na ba Lukmanu ya karanta, tunda maganarsa ce, kuma na daina aika maganarsa ba da saninsa ba. Ya ce in bar masa wuri a ƙasa.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Safiyatu.

Yaya Badamasi, ni ne Lukmanu. Abin da Yaya Safiyatu ta rubuta gaskiya ne, sai dai ba minti ɗaya na yi a inji na uku ba, bai kai ba. Lambata tana bayan takardar nan. Kada ka kira. Ka rubuto ka tambaye ni ko ina lafiya, ni zan ba ka amsa.